Ruwan da Saiwa Ta Sha

Ku da kuka cika mini waya da tambayar ina na shige, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne, hannuna ne ya ƙi riƙe waya. Ke kuma da kika rubuto cewa amarya ta ga miji ta manta da mu, da ma a ce abin da ya same ni ke nan, 'yar'uwa. Rigar bikin tana nan rataye a bayan ƙofa cikin ledarta, ruwan toka mai aikin zare a wuya, kuma tun da tela ya aiko da ita ban iya ɗaga ido na kalle ta ba.

Bari in fara da Abba saboda sabbin zuwa. Abbana saiwoyin magani yake sayarwa, a wani ɗan shago mai ƙamshin ƙasa da hayaƙi, kuma duk sunan da ya yi a kan saiwa ɗaya ya yi shi, saiwar tudu, wadda masu ciwon gaɓoɓi suke nema. A kan tsauni take fitowa, a tsakanin duwatsu, ta yi shekara da shekaru kafin ta kai kaurin yatsa. Akwai 'yar'uwarta da ake nomawa a kwari da ban-ruwa da takin zamani. A ido ba ka raba su, ta kwarin ma ta fi kyan gani. Amma tun ina yarinya nake jin Abba yana faɗa wa masu saye cewa ranar da suka ga ta kwari a shagonsa, su tabbata ya mutu ne wani ya gaji shagon.

Da gwiwoyinsa suka ƙi hawa, sai wani saurayi mai motar ɗaukar kaya ya karɓi zuwa tsaunin, yana sayowa a hannun masu tono yana kawo masa. Shi ne wanda ƙanwata Auta ta sa wa suna Mai Shiru, sunan kuma ya bi shi har Abba da shi yake kiransa. Kun san shi, shi ne angon, kun san yadda na mutu a kansa. Duk samarin da suka taɓa zuwa wurina, da na fara maganar aikina sai ka ga suna shafa waya. Shi kuwa sai ya jingina da ƙofar motarsa, ya harɗe hannu, ya ce, "Ci gaba, Likita, ina jin ki." Ni ba likita ba ce, amma wa zai ƙi?

Aikina a ɗakin gwaje-gwaje ne, inda muke tantance asalin ganye da saiwoyi. Abin da muke aunawa sunansa aisotof, kar sunan ya tsorata ku. Ruwa duk ruwa ne a baki, amma a cikinsa akwai ƙwayoyi masu ɗan nauyi da marasa nauyi. Idan hadari ya taso yana hawa tsauni, masu nauyin yake fara zubarwa a ƙasa, wanda ya isa can sama ya fi sauƙi. Tsiro kuma da ruwan da ya sha yake gina jikinsa. Mu sai mu busar da saiwa, mu niƙa, mu wanke ta da sinadarai har sai zaren jikinta kaɗai ya rage, mu ɗebi ɗan mitsitsi mu naɗe a ƙoƙon azurfa da bai fi ƙwayar shinkafa ba, inji ya ƙone shi ya faɗa mana irin ruwan da ta sha. Takin zamani ma yana barin tasa shaidar. Duk wannan na zauna na karanta wa Mai Shiru a ƙofar gidanmu, ba sau ɗaya ba, ina jin kaina wata tsiya, yana gyaɗa kai.

To, wani kamfani ya zo yana son ya riƙa fitar da saiwar Abba waje, da sunansa a jikin kwali. Sharaɗinsu ɗaya, a gwada a tabbatar ta tsauni ce. Ranar Abba har sabuwar hula ya sa. Ya ce shekara da shekaru bakinsa ne kaɗai shaidarsa, yanzu ga ƙarfe zai tsaya masa.

Mu a wurin aiki ba ma ganin sunan mai kaya, lamba kawai ke zuwa a jikin leda. Amma da na zazzage wata leda a kan faranti, sai na ga yankan. Abba a karkace yake yanka saiwa, kamar ana fiƙe alƙalami, ya ce ta fi bushewa da kyau, kuma duk kasuwar ba mai yin haka sai shi. Na tsaya da safar hannu ina murmushi ni kaɗai. Dokar shugabarmu, Dakta, ita ce in ka gane kayan wani naka ka miƙa wa abokin aiki. Dakta ta tafi taro, abokin aikin nawa matarsa ta haihu, ni kuma zumuɗi ya ci ni. A raina na ce ni zan fara ganin gaskiyar ubana a allo.

A allon kwamfuta muna da taswira: ɗigon saiwoyin da muka tono da hannunmu a tsauni sun taru a gefe ɗaya, na kwari a ɗaya gefen, tsakaninsu fili. Injin ya gama ƙugi, ɗigon Abba ya fito, ya je ya zauna a tsakiyar 'yan kwari.

Na ce injin ne. Na sa ma'aunin da muke duba lafiyarsa da shi, ya fito daidai. Na ce to ni ce, wataƙila cokalin da na ɗebi wani kayan da shi na sa. Na sake niƙa wani yanki, na sake wankewa, na sake naɗewa har ƙoƙon ya suɓuce mini ƙarƙashin tebur. Ɗigo na biyu ya hau kan na farko. Na gwada ta wajen taki, nan ma ga shaidar takin zamani ɓaro-ɓaro. Sanyin ɗakin nan da kullum nake ƙorafi a kansa, ranar gumi nake yi a cikin farar riga.

Na fita kan matakala na kira Mai Shiru. Na yi zaton zai yi dariya ya ce masu tono ne suka cuce shi. Na gama bayani, na ji shiru. Ba irin shirun da na sani ba. Can ya tambaye ni wa ya gani ban da ni. Na ce ba kowa, amma Dakta tana dawowa farkon mako, kuma duk kayan da suka faɗi gwaji ita da kanta take sake gwadawa daga ragowar da ke cikin ledar. Ya ce to, ya kashe.

Kafin in koma ciki saƙonni suka fara shigowa.

"Kar ki faɗa wa Abba."

"Don Allah, Likita."

"Zan gyara. Ki ba ni lokaci kaɗan."

Na rubuta masa, "Me za ka gyara? Ka san da wannan?" Na ga alamar ya karanta. Bai amsa ba, daga nan wayarsa ta daina shiga.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. A gida Umma tana ta lissafin waɗanda ba a kai wa katin biki ba, Auta tana rigima wai takalminta bai shiga da mayafinta ba, Abba kuma duk shigowarsa sai ya leƙo ya ce, "Uwata, ƙarfen naku bai yi magana ba tukuna?" Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. Sai in ce layi ne da yawa, in shige banɗaki in kunna famfo don kar a ji ni.

Ranar hutu na raka Auta wurin mai takalmi, na baro ta can na dawo da wuri saboda kaina yana sarawa. Tun daga lungu na hango motarsa, tayoyin sun yi kaca-kaca da jan laka. Kar ku zage ni, har daɗi na ji, don na yi kewarsa. Falo ba kowa. Na bi ta kicin na fita bayan gida inda muke wanki.

Duk bahon wankinmu suna jere a ƙasa, har da babban da Umma ba ta bari a taɓa. Ga jarkoki masu launin ɗorawa a jikin bango. Umma ta ɗaure zani a ƙirji a kan rigarta, ta zage tana juya wani abu a cikin ruwa da muciya. Shi kuma yana tsugune, ya naɗe hannun riga, idanunsa sun yi ja, gemunsa ya fito ba gyara. A cikin kowane baho saiwoyi ne suke iyo.

Umma ce ta fara magana, ba ta ko daina juyawa ba. Ta ce in rufe ƙofar kicin, in rage murya, yaron nan ya faɗa mata komai kuma an samu mafita. Ruwan da ke cikin jarkokin daga maɓuɓɓugar kan tsaunin yake, shi ya hau da kansa ya ɗebo, ya sauko da su a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya har inda mota take iya zuwa. Za su jiƙa saiwar ta sha ta ƙoshi, su shanya, ni kuma in kai in musanya da ragowar da ke ledar kafin Dakta ta dawo.

"Ba ke kika ce injin ruwan da saiwa ta sha yake karantawa ba?" in ji shi, a hankali. "To ga shi tana sha."

Wallahi dariya ce ta fara zo mini, irin wadda take fita da hawaye. Na zauna a kan bokitin da aka kife. Wato duk daren da na ɓata ina zuba, saurarona yake yi da gaske, rabin karatun ne kawai ya ɗauka. Na dubi kafaɗarsa inda igiyar jarka ta goge fata har ta yi jini a jikin riga, na rasa ko in mare shi ko in nemo masa magani.

Na tambaye shi tun yaushe. Bai ɓoye ba. Ya ce saiwar tsaunin ƙarewa take yi, masu tono sun watse, tsofaffin sun gaji, yaran sun tafi birni. Tun bara ya je ya dawo da abin da bai kai rabin buhu ba, ya tsaya a ƙofar shago yana kallon Abba yana gyara wurin da zai zuba kaya, ya kasa buɗe baki. Sai ya juya ya cike da ta kwari, da niyyar sau ɗaya. Daga baya ta kwarin ta zama ita ce buhun. Abba kuma idonsa ya yi rauni, ga yarda, yanka kawai yake yi yana sa albarka.

"Na ji tsoron in ce masa tsaunin ya ƙare," ya ce. "In ba saiwa, me zai kawo ni gidan nan?"

Kun ji fa. Wai saboda ni. Na so in ji haushin wannan maganar fiye da yadda na ji.

Na ce musu su zubar da ruwan, wahalar banza suka yi. Injin ba ruwan da ke jikin saiwa yake dubawa ba, wannan mu da kanmu muke busar da shi mu wanke. Ruwan da ta sha tana raye, wanda ta mayar tsoka, shi yake karantawa, kuma ko shekara za ta yi a baho ba zai canza ba. Raina a ɓace yake, bakina kuma ba ya tsayawa in raina ya ɓaci, sai na ƙara da cewa ba abin da zai wuce gwajin nan sai saiwar da ta girma a kan tsaunin da gaske.

Muciyar Umma ta tsaya. Ta dubi Mai Shiru, sannan ta ɗaga kai ta dubi tagar ɗakin Abba. Baki shi ke yanka wuya, ni dai nawa ya yanka ni sau biyu.

Ta ce akwai. A cikin kabad ɗin Abba, ƙarƙashin manyan rigunansa, akwai wani gwangwani da ya adana saiwar da ya tono da hannunsa a hawansa na ƙarshe. Ba ya sayarwa, ba ya bayarwa. Cikin tafin hannu kawai ake buƙata, kuma yankansa ne a jiki, ba mai ganewa.

Na ce ba zan iya ba. Nan Umma ta saki muciya ta dawo kaina. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce in tuna hawan jinin Abba. Ta ce in kamfanin nan ya mayar da kayan, kafin la'asar kasuwa ta ɗauka, mutumin da ya yi shekara arba'in yana cewa ba ya sayar da ta kwari za a nuna shi da baki a ce ashe tsohon maƙaryaci ne, kuma ba wanda zai tsaya tambayar wa ya kawo buhun. Ta ce ita ba auren take ji ba, aure in ya lalace wani ya zo, amma sunan uba in ya zube ba a kwashe shi. Wai sun sa ni a makaranta ne don in zama garkuwarsu, ba don a yanka ubana da wuƙata ba.

"Sau ɗaya ne," ta ce. "Daga nan yaron nan ya san yadda zai yi ya gyara. Ke ba ki da tausayi ne?"

Ina da shi, shi ne ma yake kashe ni. Na dubi Mai Shiru ko zai ce a'a Umma, kar a sa ta. Kansa yana ƙasa, yana murza wata saiwa a tsakanin yatsu. Bai ce a sa ni ba, bai ce kar a sa ni ba. Ranar ce na fara jin tsoron shirun nan da na so.

Muna haka muka ji ƙarar sandar Abba a bakin ƙofar gida, ya dawo da wuri. Umma ta fizgo zannuwan gado daga igiya ta lulluɓe bahon, Mai Shiru ya bi ta ƙaramar ƙofa ya zagaya wai zai shigo ta gaba kamar yanzu ya iso. Ni na wanke fuska a famfo na gyara ɗankwali. Ban kai ɗakina ba na ji muryarsa.

"Uwata, zo mana."

Yana zaune a bakin gado, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, farar rigarsa duk ƙurar saiwa a gaba. Ya ce ya ga motar Mai Shiru da laka, yaron nan ba ya hutawa, Allah ya yi masa albarka, ya samu ɗa ba suruki ba. Ya ce tun safe wani tunani yake damunsa a shago, shi ya sa ya rufe ya taho. Sai ya nuna mini kabad, ya ce in ɗaga rigunan in miƙo masa gwangwanin da ke ƙasa.

Na ɗauko. Ya buɗe da ƙyar, ƙamshin ya cika ɗakin, ya zaɓo guda huɗu ko biyar, sirara, masu duhu, ya kamo hannuna ya zuba mini ya rufe yatsuna a kai da nasa.

"Na ji kin ce ƙarfen kwatantawa yake yi," ya ce. "To ki kai masa wannan. Ni na tono ta, gwiwata a kan dutse. Ya aza ta gefen ta yaron nan, ya ga uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kar a ce don 'yata tana wurin aka yi mini alfarma."

Wayata ta yi motsi a aljihun siket. Ban duba ba, na san Mai Shiru ne, na kuma san abin da yake tambaya. Ta labule ina ganin inuwar Umma a tsaye a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba. Abin da suke so in sata, ga shi mai shi ya damƙa mini da hannunsa, yana murmushi. In na yi shiru na fita da shi, farkon mako ɗigon Abba zai koma cikin 'yan tsauni, a buga sunansa a kwali, in sa rigata ruwan toka, kowa ya yi barci. Shi kuma ya ci gaba da miƙa wa tsofaffi masu ciwon gwiwa ta kwari yana rantse musu.

Na durƙusa a gabansa. Na buɗe hannunsa na mayar masa da saiwar.

"Abba, na riga na kwatanta."

Murmushin bai tafi nan da nan ba, ya ɗan jira ni in ƙarasa da abin da yake so ya ji. Na kasa kallonsa, na kalli hular da ke gwiwarsa.

"Ba uwa ɗaya uba ɗaya ba ne, Abba. Ta kwari ce."

A bayan labule na ji Umma ta ja numfashi. A falo kuma sallamar Mai Shiru ce take tashi, da muryarsa mai ladabi, yana tambaya ko Abba yana ciki.

Abba ya daɗe yana kallon abin da ke tafin hannunsa. Ya mayar da su gwangwani ɗaya bayan ɗaya, ya rufe, ya ɗauki hularsa ya sa, ya gyara mata zama. Bai tambaye ni kamfani ba, bai tambaye ni kasuwa ba.

"Tun yaushe nake ba mutane ita?" ya ce.

Na ce tun bara.

Ya gyaɗa kai, ya laluɓo sandarsa.

"Amsa masa sallamar, Uwata. Ki ce ya shigo nan. Ke ma kar ki fita."